Yadda Ake Ɗauko Leya Daga Wani Fayil Zuwa Wani a AutoCAD Ba Tare da Ɓata Zane Ba

Zanen gida guda ba kasafai yake fitowa daga hannun mutum ɗaya ba. Mai zanen gini shi ke fitar da ɗakuna da ƙofofi da tagogi. Injiniyan gini ya ɗora ginshiƙai da rodi, mai wutar lantarki ya sa fitilu da soket, mai aikin famfo ya ja bututunsa, safiyo kuma ya kawo iyakokin fili. Kowanne yana aiki a kwamfutarsa, a fayil ɗinsa, amma daga ƙarshe dole zane-zanen su hau kan juna daidai kafin a kai su wurin hukumar tsara birane, irin KNUPDA a Kano, domin neman izinin gini.

A wurin haɗa su ne ake yawan samun matsala. Idan zanen ginshiƙai ya goce da ɗan taki kaɗan lokacin da ake ɗauko shi, ginshiƙi na iya faɗawa tsakiyar ƙofa, kuma ba za a gane ba sai an zuba kankare. Idan layin bututu ya shiga leyar da ba a bugawa, magini zai karɓi takarda babu bututun a ciki. Gyaran irin wannan a kwamfuta minti biyu ne, amma a wurin gini sai an fasa bulo. Wannan darasi ya yi bayanin hanyoyi huɗu da ake bi a AutoCAD, da inda kowacce ta dace.

Mece ce leya?

AutoCAD manhaja ce ta kamfanin Autodesk da ta fara fitowa a 1982, kuma fayilolinta na ƙarewa da DWG. A cikinta ana raba zane gida-gida, kamar a ce an jera takardu masu shara-shara a kan juna: ɗaya na ɗauke da bango kawai, ɗaya ƙofofi, ɗaya rubutu, ɗaya wayoyin lantarki. Kowace takarda ita ce leya. Ana iya ɓoye ɗaya a bar sauran, ko a kulle ta don kada a taɓa ta bisa kuskure.

Kowace leya tana da suna, launi, irin layi (miƙaƙƙe ko mai tsinke-tsinke), kaurin layi, da izinin bugawa ko hana shi. Akwai biyu da ya kamata a san su tun farko. Leya mai suna 0 tana cikin kowane fayil, ba a goge ta, ba a sauya mata suna. Defpoints kuma manhajar ce ke ƙirƙiro ta da kanta da zarar an sa ma'auni a zane, kuma duk abin da aka ɗora a kanta yana bayyana a allo amma ba ya fita a firinta.

Abubuwa biyu da za a riƙe kafin a fara

Na farko: leya daban, zanen da ke kanta daban. Wani lokaci abin da ake so shi ne tsarin leyoyin kawai, wato sunayensu da launukansu, don a fara sabon aiki da su. Wani lokaci kuma ainihin layukan ake so. Hanyar kowanne daban ce.

Na biyu: idan suna ya yi karo, fayil ɗin da ake kawo kaya cikinsa shi ke rinjaye. Misali, a fayil ɗin mai wuta leyar E-LITE ja ce, a fayil ɗin mai zanen gini kuma akwai E-LITE koriya. Duk abin da aka kawo daga na farko zuwa na biyu zai koma kore. Mutane da yawa kan ɗauka kwafin ne ya lalace, alhali haka ƙa'idar take.

Hanya ta ɗaya: DesignCenter, don ɗauko leyoyi zalla

Wannan ita ce mafi sauƙi ga wanda ke son tsarin leyoyin wani fayil ba tare da zanensa ba. Tana aiki a AutoCAD na Windows.

1. A buɗe fayil ɗin da za a kawo leyoyin cikinsa.
2. A danna Ctrl da 2 tare, ko a rubuta ADCENTER.
3. A shafin Folders, a nemo fayil ɗin da ke da leyoyin. Ba sai an buɗe shi ba.
4. A danna alamar ƙari da ke gefen sunansa, sannan a zaɓi Layers.
5. A zaɓi waɗanda ake so. Riƙe Ctrl ko Shift na ba da damar zaɓar da yawa.
6. A ja su da maus zuwa filin zane, ko a danna ɓangaren dama na maus a zaɓi Add Layer(s).

Idan aka buɗe jerin leyoyi da umarnin LAYER, za a gan su sun shigo da launinsu da irin layinsu, amma babu komai a kansu. Duk wadda sunanta ya riga ya kasance a fayil ɗin, manhajar za ta tsallake ta, ta bar tsohuwar yadda take. Ta wannan taga dai ake ɗauko salon rubutu, salon ma'auni da bulok-bulok.

Hanya ta biyu: Layer States, don tilasta launi da yanayi

Tunda DesignCenter ba ya taɓa leyar da ta riga ta kasance, me za a yi idan ana son fayil ɗin abokin aiki ya ɗauki launuka da kaurin layi irin na ofis? Nan ne LAYERSTATE ke shigowa. Shi yana ɗaukar hoton yanayin leyoyi gaba ɗaya ne: wacce ke kunne, wacce ke kashe, wacce ke kulle, da launin kowacce.

A fayil ɗin da ke da tsarin da ake so, a rubuta LAYERSTATE, a danna New, a ba shi suna, sannan a danna Export. Zai fitar da ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da LAS, wanda ba ya cin data ko kaɗan idan za a tura shi. A ɗaya fayil ɗin, a sake rubuta LAYERSTATE, a danna Import, a zaɓi fayil ɗin, sannan Restore. Leyoyi masu suna iri ɗaya za su ɗauki sabon launi da kauri nan take.

Abin lura shi ne fayil na LAS ba ya tafiya da nau'in layin da babu shi a fayil ɗin da ake kaiwa. Idan akwai layi na musamman, kamar na shinge ko na bututun gas, ya fi kyau a yi Import kai tsaye daga ainihin fayil na DWG, domin tagar tana karɓar DWG da DWT da DWS, kuma ta wannan hanyar nau'in layin na biyo baya.

Hanya ta uku: kwafi da liƙawa, don ɗauko leya tare da zanenta

A ce mai wuta ya gama aikinsa, ana son fitilunsa su shiga babban fayil.

1. A fayil ɗin mai wuta, a tabbatar leyar tana kunne, ba a daskarar da ita ba, ba a kulle ta ba.
2. A rubuta QSELECT. A wurin Properties a zaɓi Layer, a wurin Value a zaɓi sunan leyar, a danna OK. Duk abin da ke kanta zai zaɓu.
3. A danna Ctrl da C.
4. A koma babban fayil, a rubuta PASTEORIG.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar aikin. Ctrl da V na barin mutum ya ajiye zanen duk inda hannunsa ya kai, kuma ido ba ya iya gane gocewar milimita 50 a filin da ya kai mita 30. PASTEORIG kuwa yana ajiye kowane layi a daidai lambobin da yake a fayil ɗinsa na asali. Amma wannan na aiki ne kawai idan fayilolin biyu sun yarda da mafari ɗaya, wato ba wanda ya ja ginin ya matsar da shi. Idan wani ya matsar, sai a yi amfani da Ctrl da Shift da C, a zaɓi wata kusurwa da ke cikin fayilolin biyu, kamar mahaɗar layin girid A da 1, sannan a liƙa a kan wannan kusurwar daidai.

Akwai tarko guda a nan da ya shafi bulok, wato zanen da aka dunƙule aka ba suna, kamar ƙofa ko masai. Ƙa'idar karon suna ta shafe su su ma. Idan fayil ɗin farko yana da bulok DOOR1 mai faɗin milimita 900, na biyu kuma yana da DOOR1 mai 750, duk ƙofofin da aka liƙa za su koma 750 ba tare da wani gargaɗi mai jan hankali ba. Maganinsa shi ne a sauya sunan ɗaya da umarnin RENAME kafin a kwafa. Haka kuma bulok na iya shigowa da leyoyin da ke ɓoye a cikinsa, shi ya sa wani lokaci a kwafi leya ɗaya amma a ga biyar sun ƙaru.

Idan kuma mutanen biyu ba sa wuri ɗaya, WBLOCK ya fi dacewa. Bayan an zaɓi zanen da QSELECT, a rubuta WBLOCK, a bar mafari a 0,0,0, a zaɓi Retain don kada zanen ya ɓace daga asalinsa, a ba sabon fayil suna. Abin da zai fito ƙaramin DWG ne mai ɗauke da abin da aka zaɓa kawai. Wanda ya karɓa sai ya shigar da shi da INSERT a 0,0, ya fasa shi da EXPLODE idan yana son gyara layukan.

Hanya ta huɗu: Xref, don aikin da bai ƙare ba

Kwafi yana da aibi ɗaya babba. Da zarar mai zanen gini ya matsar da bango, kwafin da ke hannun mai wuta ya zama tsohon yayi, kuma shi bai sani ba. Shi ya sa ofisoshin zane suka fi dogara da Xref. Maimakon a kwafo zanen, sai a jingino shi: fayil ɗin yana nan a wurinsa, ɗayan yana nuna shi ne kawai a ƙarƙashin aikinsa. Duk lokacin da aka gyara na asali, sai a danna Reload, gyaran ya bayyana.

Ana rubuta XATTACH, a zaɓi fayil, a bar wurin shigarwa a 0,0,0 da sikeli a 1. Zaɓi biyu ne ke buƙatar tunani. Na farko, Attachment ko Overlay: wanda aka jingina da Attachment yana bin fayil ɗin duk inda aka sake jingina shi, na Overlay kuwa ba ya bi. Idan injiniyoyi suna jingina fayilolin juna, Overlay ne ke hana bango fitowa sau biyu. Na biyu, nau'in adireshi: a zaɓi Relative path, domin Full path na riƙe adireshin kwamfutar mutum ɗaya ne, kuma da zarar foldar ta koma wata kwamfuta, sai a ga Not Found.

Leyoyin Xref ba sa cakuɗa da na gida. Idan sunan fayil ɗin PLAN ne, leyar bangonsa za ta fito a matsayin PLAN|A-WALL. Mai wuta na iya mayar da duk waɗannan toka-toka, misali launi mai lamba 8, don wayoyinsa su fito fili, ba tare da ya taɓa fayil na asali ba. VISRETAIN idan yana kan 1 shi ke riƙe wannan sauyi bayan an rufe fayil.

In aiki ya kammala ana son komai ya zama fayil guda, sai a danna Bind a tagar XREF. Zai ba da zaɓi biyu. Bind na mayar da sunan PLAN$0$A-WALL, kowace leya ta tsaya da ƙafarta amma jerin ya yi tsawo ya yi muni. Insert na cire sunan fayil ɗin, ta koma A-WALL, ta haɗe da ta gida idan akwai. Ga ofishin da kowa ke bin suna iri ɗaya, Insert ya fi tsafta.

Idan kowa da irin sunansa

Wani ya rubuta WALL, wani WALLS, wani Layer1. Bayan an haɗa fayiloli uku sai a tarar da leyoyi barkatai na abu ɗaya. LAYMRG na haɗe su: a zaɓi waɗanda za a rushe, a zaɓi wadda za a zuba su ciki, zanen ya koma can, tsofaffin sunayen su ɓace.

Ga wanda ke karɓar fayiloli daga mutum ɗaya a kai a kai, LAYTRANS ya fi sauri. A hagu yana nuna leyoyin fayil ɗin da aka karɓa, a dama kuma a ɗora na ofis da maɓallin Load. A haɗa kowacce da takwararta da Map, a danna Translate. Ana iya ajiye wannan haɗin don a sake amfani da shi a fayil na gaba. Wannan umarni na cikakken AutoCAD ne, masu AutoCAD LT sai su yi da LAYMRG.

Rigakafin duk wannan shi ne a yarda da suna tun ranar farko. Tsarin da ya fi yaɗuwa ya samo asali ne daga Amurka, daga ƙungiyar masu zanen gini ta AIA: harafin farko na nuna fanni, sauran na nuna abin da ke kan leyar. A-WALL bango ne, A-DOOR ƙofa, S-COLS ginshiƙai, E-LITE fitilu, P-SANR bututun ƙazanta. Akwai kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 13567. Duk wanda aka zaɓa, a ajiye shi a fayil na DWT, a raba wa kowa ya fara aikinsa daga ciki.

Abubuwa uku da ke ɓata aiki ko da an bi matakai daidai

Ma'auni. Masu zanen gini sun fi aiki da milimita, safiyo kuma da mita. Fili mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 da 30 ne. Idan ya shigo fayil na milimita ba a daidaita ba, zai fito milimita 15 da 30, wato bai kai kaurin bulo mai inci tara ba, wanda ake zanawa 225. Sai mutum ya ɗauka bai shigo ba. INSUNITS ne ke faɗa wa manhajar ma'aunin kowane fayil lokacin shigar da bulok ko Xref: 1 inci ne, 4 milimita, 6 mita, 0 kuma babu ma'auni. A duba shi a fayilolin biyu. Bayan an shigo da zane, a auna wani abu da aka san tsawonsa da DIST. Idan ya gaza sau 1000, mita da milimita ne suka cakuɗe. Idan sau 25.4 ne, inci ne da milimita.

Launi. Idan an sauya launin leya amma wasu layuka suka ƙi sauyawa, an ba su launi ne kai tsaye maimakon a bar su a ByLayer. SETBYLAYER na mayar da su bin leyarsu. Wannan ya wuce batun ado, domin a ofisoshin da ke bugawa da fayil na CTB, lambar launi ce ke yanke kaurin layi a takarda. Bangon da ya ɗauki launin rubutu zai fito siriri kamar gashi.

Tsufan manhaja. Tsohon AutoCAD ba ya buɗe sabon DWG. Daga AutoCAD 2013 zuwa 2017 tsarin fayil ɗaya ne, daga 2018 kuma aka koma wani. Idan abokin aiki yana da 2016, a yi SAVEAS a zaɓi tsarin 2013. Manhajar DWG TrueView ta kyauta ita ma tana yin wannan juyi.

Idan manhajar ba AutoCAD ba ce

BricsCAD, ZWCAD da GstarCAD suna buɗe DWG kai tsaye da leyoyinsa, kuma yawancin umarnin da ke sama suna da takwarorinsu a can. LibreCAD ta kyauta ta fi jituwa da DXF, don haka sai a ajiye mata a wannan tsari. ArchiCAD tana da leyoyinta, tana kuma da tsarin fassara da ke daidaita sunaye lokacin fitar da DWG. SketchUp ta sauya sunan leya zuwa Tags tun 2020. Revit kuwa ba ta aiki da leya sam, rukuni-rukuni take raba abubuwa, sai a lokacin fitar da DWG ne ake faɗa mata sunan leyar da kowane rukuni zai ɗauka. Wanda zai karɓi fayil daga mai Revit ya tura masa jerin sunayen da yake so tun kafin a fitar.

Rawar da waya ke takawa

Matakan da ke sama aikin kwamfuta ne, amma waya na da nata amfani. Manhajar AutoCAD ta Android da iPhone, da irin su DWG FastView, suna buɗe DWG, suna barin mutum ya kunna leya ko ya kashe ta, ya kuma auna tsawo. A wurin gini, ana iya kashe komai a bar ginshiƙai da bango kawai don a duba ko sun dace kafin a haɗa katako.

Wajen turawa ta WhatsApp ko imel, kuskuren da ya fi yawa shi ne tura babban fayil shi kaɗai alhali yana jingine da Xref. Wanda ya karɓa zai buɗe ya ga fitilu na reto babu bango. ETRANSMIT na tattara fayil ɗin da duk abin da ya dogara da shi, har da salon rubutu da fayil na CTB, ya dunƙule su a ZIP guda. Kafin nan, PURGE na share leyoyi da bulok ɗin da ba a amfani da su, fayil ya rage nauyi, AUDIT kuma ya gyara ƙananan kurakuran ciki. A sa kwanan wata a sunan fayil, domin a guruf mai mutum biyar sunan "final" ba ya nuna wanne ne na ƙarshe.

Wacce za a zaɓa?

Mai fara sabon zane da ke son tsarin leyoyin ofis ya yi amfani da DesignCenter ko fayil na DWT. Mai son gyara launuka da kaurin layin fayil ɗin da ya karɓa ya bi ta LAYERSTATE. Idan aikin wani ya kammala ana son shigar da shi sau ɗaya, QSELECT da PASTEORIG ko WBLOCK sun isa. Muddin kuwa zanen yana ci gaba da sauyawa, Xref ne kaɗai ke tabbatar da cewa kowa na kallon bango ɗaya.

Kowace aka bi, a fara ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, domin LAYMRG da Bind ba sa warwaruwa bayan an ajiye an rufe. Ɗaliban da ke son gwaji kuma za su iya neman lasisin karatu na Autodesk, wanda ake bayarwa kyauta na shekara guda ga wanda ya tabbatar da cewa ɗalibi ne. Fayil biyu ƙanana, ɗaya da bangon ɗaki guda, ɗaya da fitilu huɗu, sun isa a gwada hanyoyin nan huɗu a zama ɗaya.